JAWABIN AKAWUN JAM'IYYA GA 'YAN KASUWA A KAN DOKAR HANYA

Ya ku 'yan'uwana talakawa, 'yan kasuwa da direbobi da yaran mota.

Maganar da zan yi muku yau ita ce ta tara. Wanda bai san doka ba, kullum shi ne abincin azzalumi. Saboda haka ku kasa kunne.

Tun 1972 ƙasar nan ta bar bin hannun hagu ta koma dama. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra. Dokarta ta 2007 ta yanka wa kowane laifi kuɗinsa: rashin ɗaura bel naira 2,000, buga waya ana tuƙi naira 4,000, tuƙi ba lasin naira 10,000. To, in ma'aikaci ya tsai da kai, hakkinka ne ya rubuta maka takardar laifi. Kuɗin tara na baitulmali ne, a banki ake biya, a karɓi rasit. Abin da ka miƙa a bakin titi kuwa sunansa cin hanci. In kana ganin ba ka yi laifi ba, kotu tana nan.

Na san za ku ce tumatir ba ya jiran kotu. Gaskiya ne. Amma ku lura, duk abin da direba ya bayar a shinge, a kan kuɗin lodi zai ɗora shi, ɗan kasuwa kuma ya ɗora wa mai sayen mudu. Ashe talaka ke biya tun daga farko har ƙarshe.

Mu ma sai mu gyara namu. Kada ka sayi lasin a hannun dillali. Ka cika shekara 18, ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta yarda da ita, ka ci jarrabawa. Lodi fiye da ƙima da birki marar kyau 'ya'yan talakawa suke kashewa.

Abin da Jam'iyya take nema uku ne. A buga dokar hanya da Hausa a manna a kowace tasha. A rage kuɗin makarantar tuƙi. Kuma babban mutum in ya ƙetare danja, a ci shi tara kamar mai Keke Napep.

Wanda aka karɓe wa kuɗi ba rasit, ya zo ofis mu rubuta rana da wuri.

Allah ya kai mu gida lafiya. Wassalam.