Dillancin Talla a Gidan Rediyo



A shekarar 1962 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa jari da kamfanonin EMI da Granada na Ingila, aka kafa Rediyo Talbijin Kaduna, gidan da aka tsara shi ya riƙa samun kuɗi ta hanyar talla. Hajar irin wannan gida kuwa lokaci ce, kuma mintin da ya wuce ba a sayar ba, ba ya komowa. Saboda haka tilas ne dillalin talla ya taka ƙafa ya iske ɗan kasuwa.

In ya shiga kanti a Titin Ali Akilu, nan Unguwar Sarki, wajibinsa na farko shi ne tambaya: wane ne ke sayen kayan, yaushe kuma yake sauraro? Mai sayar da takin zamani, gabanin damina ya kamata a ji shi, da dare, bayan manomi ya komo gida. Mai sabulu kuwa, da hantsi, sa'ad da mata ke aikin gida.

Na biyu, ya nuna masa cewa sanarwa ɗaya ba ta zama a kunne, sai an maimaita.

Na uku, kada kwaɗayin la'ada ya sa ya karɓi tallan maganin da ake cewa yana warkar da kowace cuta. Jama'a suna gaskata talla ne domin sun gaskata muryar gidan. Ran da aka yaudare su, labarun gidan ma sun rasa daraja.