Kuɗin Magani Ya Koma Magani: Jawabin Yaye Masu Kula da Ma'ajin Asibiti a Suki

Iyayenmu sarakuna da shehunan ƙauyuka, malamanmu, likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya, iyayen yara, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da zuwa.

Waɗannan matasa sun koyi aikin da ba a saba yi wa biki ba: riƙe ma'ajin magani, rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da lissafa abin da za a nema tun kafin a neme shi. In aka ambaci asibiti, likita ake hangowa, kuma ya cancanci haka. Sai dai takardar da likita ya rubuta ba ta warkar da kowa har sai an kai ta taga an samu abin da ke cikinta. Maganata guda ce: asibiti irin namu a ma'aji da littafin lissafi yake tsimin kuɗinsa, kuma tsimin ba zai ɗore ba sai duk fam ɗin da magani ya kawo ya koma sayen magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2010, ta ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya suna salwanta ba tare da sun amfani majinyaci ba, kuma sha'anin magani na cikin manyan kafofin wannan asara. Wanda ya taɓa leƙa ma'ajin da ba a kula da shi ya san yadda abin ke faruwa. Sabon kwali ya zo, aka aza shi a gaba don ya fi kusa da hannu, tsohon ya koma lungu har wa'adinsa ya wuce. Wani kwalin an dire shi a ƙasa, damshi ya shige shi. Maganin ƙarin kuzari ya cika kanta saboda dillali ya iya baki, alhali allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ta ƙare. Babu ɓarawo a duk wannan, amma kuɗi sun tafi. Abin da ke tare wannan ɓarna kati ne guda da ake maƙalawa jikin kowane magani, mai ɗauke da ranar shigowa, adadi, ranar ƙarewar wa'adi, wanda ya karɓa da abin da ya rage, tare da ƙa'idar cewa wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa.

Ƙasarmu Sudan ta ƙara wa wannan aiki nauyi. Kowa a nan ya san baƙar lakar bakin Shuɗin Nilu: da damina ta kankama, hanyoyin ƙauyuka su zama taɓo, mota ta kwana inda ta kafe. A daidai wannan lokaci ne sauro ke yawaita cikin magudanan ruwan gonakin Suki, zazzaɓi ya kwantar da yara, amai da gudawa su biyo gurɓataccen ruwa. Wato watannin da buƙata ta fi yawa su ne watannin da kaya suka fi wahalar isowa. Mai ma'aji da ya san aikinsa tun da bazara yake buɗe littafin bara ya ga nawa aka sha a Agusta da Satumba, ya ƙara kwanakin da kaya ke yi a hanya, ya ƙara na ko-ta-kwana, ya aika da buƙatarsa kafin ruwan farko. Haka kuma firij: allurar rigakafi da insulin da oksitosin, wadda ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Duba ma'aunin safe da yamma da rubuta abin da aka gani aiki ne na mintuna kaɗan, amma in an bar shi, ungozoma za ta yi wa mai naƙuda allurar da zafi ya riga ya kashe.

Batun mayar da kuɗin magani ga magani ba sabo ba ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da jama'a za su sayi muhimman magunguna da rangwame, kuɗin su juya su sake sayo wasu. A 1989 aka kafa irin wannan asusu a Khartum da taimakon ƙungiyar Save the Children ta Birtaniya, daga baya ya koma hannun ma'aikatar lafiya ta jihar, kuma abin da ya riƙe shi shi ne an ware kuɗinsa daga sauran kuɗin hukuma. Manomin Suki ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san irin shuka ba na tuwo ba ne, duk tsananin yunwar bazara. Ranar da aka ɗebi kuɗin magani aka sayi man janareto ko aka gyara motar ofis da niyyar za a mayar, ranar asusu ya fara mutuwa. Akwai kuma tarko na biyu, faɗuwar darajar fam. A Fabrairun 2021 farashin dala a hukumance ya tashi daga fam 55 zuwa kusan 375 a rana ɗaya, kuma yaƙi ya ƙara durƙusar da fam bayan nan. Ma'ajin da ke sayarwa bisa farashin da ya sayo, ba tare da duba abin da sabon kwali zai ci ba, littafinsa zai nuna babu asara, kantarsa kuwa tana raguwa wata bayan wata.

Wani zai ce, ana batun yaƙi, wa ke ta kati da biro? Tambaya ce mai nauyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya fara ne a Khartum, inda babban ma'ajin Asusun Kayan Magani na Ƙasa yake. Wad Madani, wadda aka mayar cibiyar agaji, ta faɗi a Disambar wannan shekara, a 2024 kuma wutar ta iso Sinja da Dindir da nan Suki. Babu littafin da ke tare harsashi. Amma abin da yaƙin ya nuna shi ne haɗarin rataya ƙasa guda a kan ma'aji guda da hanya guda. Da kaya suka koma shigowa ta Port Sudan, hanya ta yi tsawo, kowane kwali ya yi tsada, kuskure kuma ya fi ciwo. Kuma masu rabon kaya, na gwamnati ko na agaji, wanda ya zo da alƙaluma a rubuce suke fara saurara. Ƙarancin abu dalili ne na ƙara ƙirga shi.

Wani kuma zai ce, sayar wa talaka magani rashin tausayi ne, musamman mutanen da suka dawo suka tarar da gidajensu wayam. Tausayin gaskiya ne, amma a duba inda yake kaiwa. Idan mai ma'aji ya riƙa bayarwa kyauta don an roƙe shi ko don dangantaka, ba tare da wani ya biya ba, bayan 'yan watanni babu abin da zai bai wa kowa, talakan nan kuma zai ƙare a kasuwa ya biya ninki. Kyauta tana da hanyarta. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda a wannan jiha ta Sinnar aka fara aiwatar da ita a 1995, tana ɗaukar kashi 75 cikin 100 na kuɗin magani, majinyaci ya biya 25, kuma Diwanin Zakka yana biya wa iyalai marasa hali kuɗin shiga. Al'ummar da ta zauna bakin wannan kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, ta raya Mai Wurno da ƙauyukan da suka biyo baya da gayya da taimakon juna, ba za ta kasa tara abin biya wa marayanta ba. Sharaɗin kawai a rubuta sunan wanda aka yafe wa, a rubuta wanda ya biya masa.

Saura masu cewa a sayo a kasuwa inda ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Araha ba ta ado. Maganin da bai yi aiki ba sau biyu ake biyansa, wani lokaci da rai. Sauƙin da ke da amfani yana zuwa ne ta haɗa buƙatun asibitoci a saya a dunƙule daga tushe mai rajista, da zaɓar magani da sunansa na asali maimakon sunan kamfani mai tsada.

'Ya'yana, makullin da za a damƙa muku amana ce. Ku rubuta a lokacin da kaya suka fita, kada ku bari sai dare. Ku ƙirga kanta kowane ƙarshen wata tare da shaida. Idan babba ya aiko a ba shi magani ba tare da takarda ba, ku amsa da ladabi, ku nemi takardar. Iyayenmu sarakuna da shehunai, yaran nan ba za su iya tsayawa su kaɗai ba. Ku naɗa dattawa da mata masu gaskiya su riƙa duba littafin, a karanta lissafin asusu a bainar jama'a kowane wata uku, kuma ku zama na farko da za su biya a taga. Allah ya yi wa waɗannan yara albarka, ya ba majinyatanmu lafiya, ya zaunar da Sudan lafiya.