Ikilisiyar da Ke Cikin Gidanka

Karatu: Romawa 16:3-5, Ibraniyawa 10:24-25



A ranar 26 ga Maris, 2020, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita saboda cutar korona. Aka rufe kasuwanni da makarantu da masallatai da majami'u. Daga Mararaban Rido har Kafanchan, ranar Ista ta 12 ga Afrilu ta same mu a gida, ba ƙararrawa, ba kiɗan zumuntar mata. Sai a watan Yuni, bayan fiye da mako goma, aka yarda mu koma sujadar Lahadi.

To, me ya faru a cikin makonnin nan? Maigidan da bai taɓa yin addu'a da ƙarfi a gaban 'ya'yansa ba ya buɗe Littafi Mai Tsarki, domin babu fasto. Uwargida ta ta da waƙa. A gidaje da yawa kuma ba da Hausa aka yi addu'ar ba. Kaka ta yi ta da Jju, ko Tyap, ko Gbagyi, jikokin da aka haifa a birni suka ji ana kiran Allah da harshen kakanninsu. Wannan ba sabon abu ba ne. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa Romawa, ya gai da Bilkisu da Akila, ya kuma gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidansu. Masu bi na farko ba su da gini. Ɗakin zama da tsakar gida su ne majami'arsu.

Ɗan'uwana, ina wannan sujada take yanzu? Tun Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa. Mun ajiye ƙyallen rufe hanci, mun koma shan hannu. Kada mu ajiye addu'ar iyali tare da ƙyallen.

Amma akwai wani abin da annobar ta bari, wanda ya fi damuna. Ka duba bencin majami'arku. Waɗansu sun tafi wurin Ubangiji, mun san da su. Waɗansu kuwa suna nan lafiya lau, amma sun saba da jin wa'azi a waya suna kwance. Sukan ce, “Ai Maganar Allah ɗaya ce.” Gaskiya ne, ni ma ta rediyo nake magana da kai. Sai dai rediyo ba zai miƙa maka gurasar Jibin Ubangiji ba. Ba zai lura cewa ka rame ba, ba zai zo gaisuwa ranar da aka yi maka rashi ba. Shi ya sa marubucin Ibraniyawa ya gargaɗi waɗanda suka mai da ƙin taruwa al'ada, ya ce dalilin haɗuwa shi ne mu ƙarfafa juna.

Ba kowa ne ya ƙi zuwa don lalaci ba. Akwai gwauruwar da jarinta ya ƙare a lokacin kullen, tana jin kunyar zuwa ba baiko a hannu. Akwai tsohon da ya rasa mai kai shi. Dattawan ikilisiya, kun san sunayensu. Ku je ku same su cikin makon nan, kada ku tafi da faɗa, kada kuma ku tafi hannu wofi. Mudun masara ya isa buɗe magana.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Ku tara yara ku karanta ta kafin lokacin, aya 25 ce kawai.