Kafin a Yi wa Kwamfuta Fomat: Lacca Kan Bin Sawun Tangarɗar Kanel ɗin Linux

 Shugaban zama, malamaina, abokan aiki, ɗalibai maza da mata, da 'yan'uwa masu sana'ar gyaran kwamfuta da waya da suka rufe shagunansu suka taho daga Argungu da Gulma da cikin garin Birnin Kebbi.

Da za a tambayi zauren nan, da yawa za su ce ba su taɓa amfani da Linux ba. To amma duk wanda ya shigo da wayar Android a aljihu, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, da Linux ya shigo, domin a kan kanel ɗinsa aka ɗora Android. Kanel shi ne ɓangaren da ke zaune tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Shi ke raba wa kowace manhaja lokacinta a kan furosesa, shi ke ba ta wuri a ram ya kuma karɓe idan ta gama, shi ke magana da allo da batir da katin wayifai ta hannun direbobi. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan ya sanar da fara shi, ranar 25 ga Agusta 1991. Yau ya haura layi miliyan 30, kuma tun Nuwamba 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki. Kowane mako 9 ko 10 sabuwar siga take fitowa, ɗauke da canje-canje sama da 10,000 daga hannun mutane kusan 2,000. Aiki mai wannan yawa ba ya rasa kuskure, kuma masu shi ba su taɓa ɓoye hakan ba. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne abin da mu muke yi idan kuskuren ya faɗo kan injinmu.

Kun san shi. Kwamfuta ta daskare, sai a ce a kashe a kunna. Ta sake, sai a ce a yi mata fomat. Ba na ganin laifin mai gyara, domin mai kaya na tsaye a kansa yana son abinsa kafin magariba, ga wasu na jira. Sai dai fomat ɗin nan yana share abu ɗaya da babu kwafinsa a ko'ina a duniya, wato bayanin da kanel ya rubuta da kansa a daidai lokacin da ya tuntuɓe.

Wannan bayani yana da daraja a nan fiye da yadda muke zato. Mafi yawan masu rubuta kanel ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel da Google da Red Hat da AMD da Huawei, suna zaune a Amurka da Turai da Sin da Indiya, da sababbin injuna, a ɗakuna masu sanyi, wuta ba ta ƙyaftawa. Mu kuwa laftof ɗinmu na hannu ne, wani ya shekara goma kafin ya iso kasuwarmu. Muna soka masa ɗan wayifai na USB mai araha. Wuta na ɗaukewa yana tsakiyar ajiye fayil. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma ƙura na toshe masa fanka. Akwai lunguna a cikin kanel, kamar farfaɗo da fayiloli bayan yankewar wuta ko rage gudun furosesa idan ya yi zafi, waɗanda injinmu ke bi kullum, na mai rubutun kuwa sai jefi-jefi. Sannan ku sani, idan tsohon direba ya daɗe babu wanda ya yi motsi a kansa, masu kula da kanel sukan ɗauka masu amfani da shi sun ƙare, su cire shi. Shirun da muke yi, can ana karanta shi a matsayin babu mu.

Amma kafin mutum ya ɗora wa kanel laifi, sai ya wanke ƙarfe tukuna, kuma a ƙasarmu nan ne rabin aikin yake. Ram da ta fara lalacewa tana kawo faɗuwa mai kama da ta kanel sak. Ga alamar da nake koya wa ɗalibai: kuskuren rubutu yakan faɗi a wuri ɗaya, da saƙo iri ɗaya, duk lokacin da aka maimaita abu ɗaya. Lalacewar ƙarfe kuwa yau nan, gobe can, ba tsari. A bar Memtest86+ ya kwana yana gwada ram. A buɗe bayan injin a hure ƙurar fanka, a duba man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ko ya bushe. A canza caja, domin cajar jabu da wutar janareta mai hawa da sauka suna iya daskarar da inji lafiyayye. Haka kuma ba kowace matsalar manhaja ce ta kanel ba. Idan haruffanmu masu lanƙwasa sun ƙi fitowa, wannan maganar tsarin madannai ce ko ta font, can sama da kanel.

Idan ƙarfe ya fita, sai a koma ga abin da kanel ya faɗa. Umarnin dmesg yana nuna saƙonninsa tun daga kunnawa. Idan injin ya riga ya mutu an sake kunna shi, journalctl yana iya dawo da na kunnawar da ta gabata. Ana neman wurin da aka rubuta Oops ko BUG ko panic, da jerin da ke ƙarƙashin Call Trace, wanda ke lissafa ayyukan da kanel ke ciki ɗaya bayan ɗaya har zuwa inda ƙafarsa ta zame. Kada a tsinke shi, kada a taƙaita, a kwafe shi yadda yake. In allo ya daskare ba halin kwafa, a ɗauki hotonsa da waya, a tabbata layin farko ya fito, domin saƙon farko shi ne mai amfani, na bayansa sau da yawa ɓarnar da ya jawo ce. A cikin saƙon akwai kalmar Tainted da wasu haruffa a gabanta. Idan aka ga P, an ɗora direban da kamfani ya rufe rubutunsa. Idan aka ga O, an ɗora wanda ba na cikin kanel ba. Masu kula da kanel galibi ba sa karɓar irin wannan rahoto sai an cire baƙon direban an sake gwadawa, kuma suna da gaskiya, domin ba za su binciki abin da ba a ba su damar karantawa ba.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini laftof ɗinta. Bayan ta sabunta manhajoji, da zarar ta rufe murfi ta buɗe, wayifai ya ɓace sai ta sake kunnawa. An riga an gaya mata katin ne ya ƙone, ta sayi na USB. Muka kashe, muka kunna, muka tsaya a allon GRUB, muka zaɓi tsohon kanel da tsarin ya ajiye. Ta rufe murfi, ta buɗe, sai ga alamar wayifai a kusurwa ta dawo daram. Katin lafiyarsa ƙalau. Cikin 'yan mintuna mun samu hujja mafi ƙarfi da mai rahoto zai iya riƙewa: a siga kaza yana aiki, a siga kaza ya daina.

Na kira ta mafi ƙarfi ne saboda dokar da Torvalds ya kafe a kanta shekara da shekaru, cewa ba a yarda sabon canji ya ɓata abin da ke yi wa mutane aiki a da ba. Idan aka tabbatar da haka ta faru, ko a gyara ko a janye canjin, komai girman wanda ya kawo shi. Wani Bajamushe, Thorsten Leemhuis, shi ke bibiyar irin waɗannan koma-baya da wata manhaja tasa mai suna regzbot, kuma shi ya rubuta jagorar kai rahoto da ke cikin takardun kanel. Ina roƙon kowane ɗalibin kimiyyar kwamfuta a nan ya karanta ta daga farko har ƙarshe.

To tsakanin siga mai lafiya da marar lafiya akwai canji wajen 14,000. Wanne ne a ciki? Manomin rani a fadamar Gulma ya san amsar. Idan injin ban-ruwa na aiki amma ruwa bai isa shinkafa ba, ba ya bin tiyo taku-taku. Yakan kwance mahaɗar tsakiya. In ruwa ya zo nan, toshewar na gaba, in bai zo ba tana baya. Ya sake raba rabin da ya rage biyu. Haka umarnin git bisect yake yi, a cikin manhajar git da Torvalds ya rubuta a 2005. Ka gaya masa siga mai kyau da marar kyau, ya ba ka ta tsakiya, ka harhaɗa ta, ka kunna, ka gwada, ka ce masa da kyau ko ba kyau. Kowane zagaye yana zubar da rabi, don haka gwaji 14 ya isa ya tace canji har 16,384 ya bar guda ɗaya, da sunan wanda ya rubuta shi da ranar da dalilinsa. Wannan ba ya bukatar ka iya rubuta kanel. Haƙuri yake bukata da tsare gaskiya, domin idan ka yi gaggawa ka ce da kyau alhali ba ka gwada sosai ba, duk zagayen da ya biyo baya ya tafi a banza. Ga masu tsohon inji, umarnin make localmodconfig yana sa a harhaɗa direbobin da injinka ke amfani da su kawai, aikin sa'o'i ya ragu sosai.

Kada kuma a yi saurin yanke hukunci a kan inda cutar take. A 2008, lokacin gwajin siga 2.6.27, katunan intanet na Intel masu direban e1000e suka riƙa mutuwa a hannun masu gwaji, har bayanan da ke cikin katin kansa suka lalace. Idon kowa ya koma kan direban. Bayan makonni aka gano ɓarnar daga ftrace take, wani sashe na bin diddigin aikin kanel wanda ba ruwansa da intanet, yana rubutu a adireshin da ya riga ya koma hannun katin. Saboda haka a rahoto ka faɗi abin da ka gani dalla-dalla, hasashenka kuma ka ware shi ka ce hasashe ne.

Wa za a kai wa? Mai amfani da Ubuntu ko Debian ko Fedora ya fara da su, domin kanel ɗinsu yana ɗauke da facin kansu. Wanda ya gwada kanel na asali, sabo, ya ga matsalar na nan, sai ya buɗe fayil ɗin MAINTAINERS ya nemo mai kula da sashen ya aika masa imel. Na waya kuwa kamfanin wayar ne, domin sun yi wa nasu gyare-gyare masu yawa. A fara bincikawa ko wani ya riga ya kai, in ya kai a ƙara masa hujja. Turancin ba sai mai ado ba: injina kaza, siga kaza, na yi kaza, na zaci kaza, kaza ya faru, ga bayanin kanel. In mako biyu ya wuce shiru, a sake tuntuɓa cikin ladabi, mutanen nan saƙo ya yi musu yawa. Idan kuwa kuskuren zai ba ɓarawo ƙofa, ba a shelanta shi, akwai tawagar tsaro da ake sanarwa a asirce. Ramin da aka sa wa suna Dirty COW ya shekara 9 a kwance, daga 2007 har 2016, kafin wani mai kula da kwamfutoci, Phil Oester, ya kama ana amfani da shi a kan injinsa ya kai rahoto. Ya kama shi ne saboda yana ajiye bayanan abin da ke shiga injin.

Ga malamai 'yan'uwana akwai abin lura. A Afrilu 2021 Greg Kroah-Hartman, mai kula da sigogin kanel masu ɗorewa, ya dakatar da karɓar aiki daga Jami'ar Minnesota ta Amurka gaba ɗayanta, bayan wasu masu bincike a can sun aika faci mai kuskure da gangan don su ga ko za a kama. Aka koma aka sake tantance abin da jami'ar ta taɓa aikawa. Duk ɗalibin da ya aika saƙo da adireshin makarantarmu, sunan makarantar ya ɗauka. Kada mu tura yara su cika akwatin mutane da rahoton da ba a gwada ba don neman maki.

Abin da nake nema a wajen shugabannin sassa na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Waziri Umaru da jami'armu ta Aliero da Kwalejin Adamu Augie ta Argungu bai fi ƙarfinmu ba. Sauke tarihin kanel gaba ɗaya yana cin gigabait da dama, ɗalibi ba zai iya da datar aljihunsa ba. Sashe ya sauke sau ɗaya a kan inji guda mai sola, ya riƙa sabuntawa, ɗalibai su kwafa ta waya ko filashi. Tsofaffin laftof da ke jibge a sito a fito da su a mai da su injunan gwaji. A yarda ɗalibin ajin ƙarshe ya yi aikin kammalawarsa a kan tangarɗa guda ta gaske, daga gano ta har rufe ta. Masu gyara na kasuwa kuma a jawo su ciki, domin injunan da ke ratsa hannunsu a wata ɗaya sun fi na kowane ɗakin gwajinmu yawa da bambanci. Wanda ya ƙware akwai shirin Outreachy, akwai kuma shirin horarwa na Gidauniyar Linux da Shuah Khan ke jagoranta, duka daga gida ake yinsu.

Idan mai kula da sashe ya aiko da faci ya ce a gwada, a gwada da wuri a ba shi amsa, ko ya yi ko bai yi ba, domin sau da yawa ba shi da irin injinka, kai kaɗai ne idonsa. In gyaran ya shiga, bisa al'ada ana rubuta sunan mai rahoto a layin Reported-by, na mai gwaji a layin Tested-by, su zauna a tarihin kanel inda duk mai ɗaukar aiki zai iya dubawa ya tabbatar. Masu son mu yi bisect tare, ku taho da laftof da caja da filashi mai gigabait 16 wanda babu komai a ciki.