A Kan Wa Aka Gwada Man Shafawarmu?

 

Da zomo zan fara. Da wuya ka zaga ƙauyukanmu, daga nan Dambatta zuwa Makoɗa, Kunchi ko Bichi, ba ka tarar da yaron da ke kiwon zomo a bayan ɗaki ba, yana yanko masa ciyawa da la'asar. Duk wanda ya taɓa ɗaukar zomo ya san yadda zuciyarsa ke bugawa a tafin hannu, ya kuma ga girman idonsa. To wannan idon ne aka shafe shekaru da dama ana gwada sabulu da man gashi da kayan kwalliya a cikinsa.

A shekarar 1944 wani masanin guba mai suna John Draize, ma'aikacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya tsara yadda za a riƙa yin gwajin. Za a sa zomo a akwati, kansa kaɗai ke waje. A ja fatar idonsa ta ƙasa, a ɗiga abin da ake son gwadawa, a bar ɗaya idon don kwatanci. Daga nan a riƙa zuwa ana dubawa, ana rubuta yadda idon ya yi ja, ya kumbura, ko ya yi fari, wani lokaci har kwana 21. An zaɓi zomo ne domin ba shi da faɗa, ba shi da tsada, kuma ba ya yawan ƙiftawa ko zubar da hawayen da zai wanke abin da aka zuba masa. In an gama, yawanci kashe shi ake yi.

Sai dai mu yi wa mutanen wancan zamani adalci. Ba mugunta ce ta kai su ga haka ba. A 1933 an sayar da wani rinin gira da gashin ido a Amurka mai suna Lash Lure. Ya makantar da mata, wata ma ta rasa ranta. Yana cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar 1938, wadda ta sa kayan kwalliya ƙarƙashin kulawar hukuma. Ku riƙe min sunan sinadarin da ke cikin wannan rini, ana taƙaita shi da PPD, don zan dawo kansa.

Da ilimi ya ƙaru, sai mutane suka fara tambaya: magani dai larura ne, to jan-baki fa? A 1980 wani malamin makaranta a birnin New York, Henry Spira, ya sayi shafi guda cur a jaridar New York Times yana tuhumar kamfanin Revlon kan zomayen da yake makantarwa. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya ba Jami'ar Rockefeller dala 750,000 don a nemo wata hanya. Birtaniya ta daina ba da izinin gwada kayan kwalliya a kan dabba a 1998. A watan Maris na 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba, Indiya ta bi sahu a 2014, ita kuma Sin, wadda a da take wajabta gwajin ga kayan da aka shigo mata da su, ta sassauta a 2021.

Ba daina gwaji suka yi ba, hanya suka sauya. Yanzu ana rainon fatar ɗan'adam a ɗakin bincike daga ƴan ƙwayoyin halitta, a shafa mata mai a ga ko za ta ƙone. Akwai kuma hanyar da ta fi ba ni sha'awa: a karɓo idon saniyar da aka riga aka yanka don nama, a ciro tantanin gabansa, a ɗiga sinadarin, a auna yadda ya dushe. Tun 2009 aka amince da wannan hanya a matakin ƙasa da ƙasa. Ku tuna shanu nawa ake yankawa kullum a abbatuwar Kano.

To mu dawo kasuwarmu. Mace ta tsaya gaban mai tireda a kasuwar Dambatta, ko ta aika a sayo mata daga Sabon Gari ko Singa, ta yaya za ta gane man da ba a gwada a kan dabba ba? Akwai tambarin da aka fi yarda da shi, hoton zomo yana tsalle da ƴan taurari, na shirin Leaping Bunny da aka kafa a 1996. Kamfanin da ke son sa shi sai ya yarda a binciki har masu kawo masa sinadarai, kuma sunansa na nan a jerin da ke intanet, ɗalibi mai waya zai iya dubawa cikin minti biyu. Amma ba kowane hoton zomo ne wannan tambari ba. Wani kamfanin zai rubuta cewa bai gwada kayansa a kan dabba ba, alhali gwajin an yi shi a kan sinadaran da ya haɗa, ko kuwa wani ya biya ya yi masa. Lambar NAFDAC kuma, wadda nake roƙon kowa ya riƙa dubawa, shaida ce ta rajista, ba ta gaya maka ko zomo ya sha wahala. Kayan tsaftar gida sun fi wuyar sha'ani, musamman maganin sauro da na ƙwari, domin har yau dokokin ƙasashe da yawa suna neman a gwada irinsu a kan dabbobi.

Amma abin da ya fi damuna ba kwalba mai tambari ba ce. Robar nan ce marar suna, ta man haɗi, wadda ake kawo wa mata har cikin ɗaki ana cewa sati biyu za ki ga canji. Wannan man ba a gwada shi a kan zomo ba, gaskiya ne. Ba a kuma gwada shi a kan komai ba. Ƴarki ce za a gwada shi a kanta. Ana zuba masa sinadarai masu ɓare fata, wani har da makuri mai lalata ƙoda, kuma abin ya kai a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Haka fiya-fiya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, a yayyafa a ɗakin da jariri ke barci, alhali maganin gona ne.

Na taɓa ganin wata amarya, kwana uku bayan an yi mata ƙunshi da dayis. Zanen furen yana nan yadda mai ƙunshi ta yi shi, daga yatsu har gwiwar hannu, sai dai kowane layi ya tashi ya yi ruwa kamar ƙunar wuta. Tana zaune ta ɗaga hannayen sama, ƙanwarta na yi mata fifita. Abin da ke sa yawancin baƙin lalle ya kama nan da nan shi ne PPD, sinadarin nan da ya makantar da matan Amurka a 1933. Su sun ɗauki darasi kusan shekara casa'in da suka wuce, mu kuwa muna shafa wa ƴaƴanmu shi ranar farin cikinsu.

Alhali kuwa Allah ya hore mana. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda manoman nan ke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon taki da itatuwa, ba tare da ƙasar ta mutu ba. Cikin waɗannan gonaki akwai lalle da ake yin shinge da shi. A tsinko ganyen, a shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, shi ke nan. Akwai darbejiya a kowace ƙofar gida, akwai aduwa mai ba da mai, akwai soso a jikin danga, akwai toka da ke fitar da tukunya fes. Man kaɗanya da sabulun salo ana kawo mana su daga kudu da mu, kuma ana iya sanin hannun da ya yi su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka taɓa buƙatar ɗaure dabba kafin a yarda da shi. Kamfanonin Turai ma man kaɗanyar Afirka ta Yamma suke saye su zuba a nasu kayan, su dawo mana da shi da tsada.

Kada kuma a ce na ce duk abin da muka gada lafiyayye ne. Kwalli na dutse, mai ƙyalƙyalin nan, yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na kwallin dalma ce. Mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Ba ta sa zazzaɓi a gane da wuri, ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali.

Akwai kuma jaki. Shi ne ya yi ta jigilar taki daga birni zuwa gonakin nan, ya koma da itace. Yau ana saye shi a kasuwanni irin su Maigatari don fatarsa, wadda ake dafawa a fitar da wani danƙo da Sinawa ke kira ejiao, ana sha a matsayin magani, ana kuma sa shi a kayan gyaran fata. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Manomin da ya nemi jaki a ƴan shekarun nan ya san kuɗin da aka gaya masa. Ke nan abu zai iya tsira daga gwaji a kan dabba, amma da ran dabba aka yi shi.

Wani zai ce mutane na fama da tsadar gero, ana maganar zomo? Ban raina wannan magana ba. Amma tun muna makarantar allo aka ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa saboda kare da ya shayar. Hausawa kuma sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mu ba mu da ɗakin gwaji, ba mu ɗiga wa kowa komai a ido ba, amma da kuɗinmu ake ci gaba da yi. Mu ne marataya. Ga shi kuma lallen gona ya fi dayis araha, gidan sauro ya fi fiya-fiya daɗewa.

Roƙona ga malamanmu na Jami'ar Bayero da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Dambatta shi ne su ɗauki kayan da matanmu ke haɗawa, sabulu da man gashi da garin lalle, su gwada su ta hanyoyin da ba sa buƙatar dabba mai rai, su kuma taimaka wa ƙungiyoyin mata su sami rajista, domin kayansu su fita da suna da adireshi. Ɗalibai, in an aike ku sayen mai, ku juya kwalbar ku karanta wa iyayenku abin da ke jiki.

Ku kuma iyayena mata, don Allah daga yau a daina sa wa jarirai kwallin dutse, a daina yi wa yara ƙunshi da dayis. Duk wadda ta kawo miki mai a robar da ba suna, ki tambaye ta wa ya haɗa shi da abin da aka zuba a ciki. In ta kasa amsawa, ki mayar mata da abinta.