Motar Lantarki: Rikicin Tesla a Turai da Batun Caji a Karkarar Kano

Motar lantarki tana tafiya ne da wutar da aka tara a batir. Ba ta shan fetur, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai. Kamfanin da ya fi kowa fito da ita fili shi ne Tesla na Amurka, wanda attajiri Elon Musk ke jagoranta, kuma a shekarar 2025 siyasar shugaban nasa ta jefa shi tsaka mai wuya.

Musk ya mara wa Donald Trump baya a zaɓen shugaban Amurka na 2024, sannan daga Janairun 2025 ya karɓi aikin rage ma'aikata da tsuke bakin aljihun gwamnati. A Jamus kuwa ya fito ƙarara ya goyi bayan jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi gabanin zaɓen Fabrairu. A watan na Fabrairu cinikin Tesla a Jamus ya faɗi da kashi 76 cikin ɗari. An yi zanga-zanga a ƙofar shagunan kamfanin a Amurka da Turai, har aka ƙona motoci a wasu wurare. A watanni uku na farkon shekarar motoci 336,681 kamfanin ya miƙa wa masu saye, raguwar kashi 13 ke nan, ko da yake sauya samfurin Model Y ma ya taka rawa. A watan Afrilu kamfanin BYD na Sin ya sha gabansa a kasuwar Turai a karon farko. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai motar da ya saya da guminsa: ga harara a kan titi, ga darajar motarsa ta karye a kasuwar 'yan hannu, alhali ba shi ya kar zomon ba.

A karkarar arewacin Kano, irin su Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona kuma ƙauye ke hango ƙauye, lissafin daban ne. Manomin da zai kai buhunan gero kasuwar Dawanau, ko ɗan acaɓan da ke jigilar fasinja ranar Lahadi zuwa kasuwar Dambatta, bai damu da wanda mai kamfani ya zaɓa ba. Abin da ya sa ya fara sauraron maganar lantarki shi ne cire tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Yanayin yankin ya dace da abin hawa na lantarki fiye da yadda ake zato. Tafiye-tafiyen gajeru ne, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, rana kuma ba ta ƙaranci. Cikas ɗin yana wajen caji. Mota matsakaiciya tana cin kilowat 15 zuwa 20 na awa a kowace kilomita 100, batirinta kuma yakan ɗauki kilowat 50 zuwa 75 na awa. Idan aka jona ta a soket ɗin gida, sai ta yi fiye da awa 20 kafin ta cika. Irin wannan wuta sai masu rukunin Band A na kamfanonin rarraba wutar lantarki, waɗanda aka ƙara wa kuɗi zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa a Afrilun 2024, kuma ƙauyuka kaɗan ne ƙwarai ke kan irin wannan layi. Wanda ya tada janareto don ya yi wa mota caji, fetur ɗin da ya gudu shi ya koma saye.

Babur kuwa batirinsa bai wuce kilowat uku zuwa huɗu na awa ba. Farantin sola mai wat 500 yana ba da kimanin kilowat biyu na awa a yini idan rana ta buɗe, don haka faranti biyu ko uku sun ishe shi. Manoman rani na gefen madatsar Watari da ta Thomas sun riga sun san wannan lissafi, domin wasunsu sun ajiye injin ban-ruwa mai fetur sun koma famfon sola. Sun kuma san cewa ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti idan ba a goge shi ba. Alamu na nuna ta babur da adaidaita sahu lantarki zai shigo karkara, tun kafin mota.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, shi ne shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci lokacin da ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Sai dai duk wannan a birni yake.

A ƙauye, sunan abin hawa a rumfar bakanike ake yin sa. Abin da ya ɗaukaka baburan Bajaj da Jincheng shi ne, ko a ina suka tsaya akwai yaron da zai kwance kafireto ya wanke, akwai kuma kayan gyara a kasuwa mafi kusa. Babur na lantarki bai samu wannan gata ba tukuna: idan na'urar da ke sarrafa wutarsa ta ƙone, yana iya shafe makonni a jingine ana jiran kaya daga Sabon Gari ko Legas. Horar da kanikawan karkara ya fi gaggawa a kan bikin ƙaddamar da motoci.

Ta hanya ɗaya rikicin Turai zai iya taɓa mai saye a Kano, wato kasuwar motocin hannu. Idan farashi ya karye a can, dillalai za su kwaso su zuwa nan, kuma arharsu za ta ja hankali. Amma batir shi ne ɓangare mafi tsada a jikin motar, ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, zafin bazara da ke haura digiri 40 kuma yana gaggauta tsufansa. Ba a gane lafiyarsa da ido ko da ƙarar inji, sai an jona na'urar gwaji ta nuna kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali, kuma wannan adadin ne ya kamata a yi ciniki a kansa.