Ko Hana Tallan Giya Zai Hana Buguwa?

Karatu: Karin Magana 23:29-35, Irmiya 35:1-19, Afisawa 5:18

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu mazauna Legas, na Sabo Yaba, da Agege, da Idi-Araba, da Obalende, waɗanda neman abinci ya kawo daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Taraba da Borno. Kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce take haɗa mu a sujada.

Tambayarmu ta yau ita ce: idan gwamnati ta hana tallan giya gaba ɗaya, shan da ake yi har a bugu zai ragu? Mun san irin shan da muke nufi. Mutum ya karɓi albashi ran Juma'a, ya zauna da abokai har asuba, ran Litinin kuwa babu kuɗin makaranta, babu abin aika wa iyali a gida.

Ido ƙofa ne

Mai hikima a Karin Magana sura 23 ya fara gargaɗinsa daga ido. Ya ja kunnenmu game da ƙura wa ruwan inabi ido, domin kyan launinsa a cikin ƙoƙo yana ɓoye dafin da ke zuwa daga baya. Aikin talla ke nan. Zai nuna mana kwalba mai sanyi da samari suna dariya wajen kallon ƙwallo. Ba zai nuna mana matar da ke jira a ɗaki ba, ko yaron da aka koro daga makaranta.

A Legas wannan kasuwa tsohuwa ce. Tun 1949 aka fara fitar da giyar Star daga Iganmu, a farkon shekarun 1960 kuma Guinness ta kafa masana'anta a Ikeja, kusa da Agege. Ɗan da ya tashi a nan ya ga allon tallan giya tun kafin ya iya karatu. Ga shi yanzu tallan ya shiga wayar hannu, inda iyaye ba sa gani.

Abin da doka take iya yi

Nijeriya tana da ƙa'idodin talla. Sun keɓe tallan giya a rediyo da talabijin zuwa dare, sun kuma hana kafa allonsa kusa da makarantu, asibitoci da wuraren sujada. Waɗansu ƙasashe sun wuce nan. Faransa ta hana tallan giya a talabijin da dokar 1991. Lituwaniya ta hana shi gaba ɗaya a 2018, amma ba ta tsaya a kan talla kaɗai ba. Ta ƙara haraji, ta rage lokacin sayarwa, ta ɗaga shekarun mai saye zuwa 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a haɗe take ba da shawarar abubuwan nan uku: a taƙaita talla, a ƙara haraji, a rage sauƙin samu.

Saboda haka muna goyon bayan a tsananta ƙa'idar talla, musamman domin yara. Wanda bai fara sha ba tukuna, shi ne irin wannan doka ta fi taimako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda doka take tsayawa

Amma bari mu gaya wa juna gaskiya. Wa ya taɓa ganin allon tallan burukutu a ƙauyukanmu? Duk da haka mun san gidajen da burukutu ya rushe. Ogogoro ba ya shiga talabijin, amma a 2015 mutane da yawa suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha wanda ke da guba. Barasar leda da ake sayarwa a tashoshin mota, arha da kusanci ne suke sayar da ita. Shi ya sa aka yi yarjejeniya da masu yin ta a 2018 cewa za a daina, hukumar NAFDAC kuma ta fara aiwatar da hanin a Fabrairu 2024, aka yi ta ja-in-ja a kai.

Wanda ya riga ya kamu, ba allo ne yake kiransa ba. Kaɗaici ne, da gajiya, da kewar gida, da abokan da ba sa yarda ya tashi sai an ƙara. Ubangiji Yesu ya koyar a Markus sura 7 cewa daga cikin zuciya mugunta take fitowa. Gwamnati tana iya sauke allo daga bakin titi, amma hannunta ba ya kai ga zuciya.

Gidan Rekabawa

Mu duba Irmiya sura 35. Allah ya umarci annabi Irmiya ya kai Rekabawa cikin Haikali, ya ajiye tuluna cike da ruwan inabi da ƙoƙuna a gabansu, ya ce su sha. Babu tallan da ya kai wannan ƙarfi: kyauta ne, a wuri mai daraja, daga hannun annabi. Suka ƙi. Dalilinsu kuwa shi ne, kakansu Yonadab ya umarce su kada su sha, su da 'ya'yansu. Yonadab ya yi zamani da sarki Yehu, fiye da shekara 200 kafin ranar nan, amma maganarsa tana nan da rai a gidansa. Su ma baƙi ne a Urushalima, yaƙi ne ya koro su birni. Birni bai canja su ba, Allah kuwa ya yaba musu.

'Yan'uwa, tallan da ya fi kusa da 'ya'yanmu yana cikin gida. Uban da ya aiki yaro ya sayo masa leda ya yi talla. Bikin aure ko zaman makoki da ake auna girmansa da yawan kwalabe, talla ne. Dariyar da muke yi wa mashayi yana tangaɗi, ita ma talla ce. Waɗannan ba sai mun jira majalisa ba. Yau ɗin nan muna iya sauke su.

Manzo Bulus a Afisawa 5:18 ya hana buguwa, nan take kuma ya nuna abin da zai cika gurbin, wato Ruhu Mai Tsarki. Zuciyar da aka bari wofi za ta nemi abin cika ta. Don haka kada ikkilisiya ta tsaya ga tsawatarwa kawai. Dattawa, mu ziyarci ɗan'uwan da ke gadi shi kaɗai. Zumuntar Mata, mu tsaya tare da matar da ke ɓoye hawayenta. Matasa, mu ja abokinmu zuwa zumunci ran Juma'ar albashi. Wanda jikinsa ke rawa idan bai sha ba, mu raka shi asibiti, gama dainawa farat ɗaya tana da haɗari ga irinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a nan Yaba, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kai kuma ɗan'uwa da kake ji, kana cewa naka ya riga ya wuce gyara, Almasihu bai fid da zuciya a kanka ba. Ka nemi fasto ko wani dattijo a wannan mako, ka faɗa masa gaskiya.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba shugabanninmu hikima su kāre ƙananan yara. Ka tsarkake gidajenmu, ka kwance waɗanda ke ɗaure, ka cika mu da Ruhunka. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.